Za a Mai da 'Yata Zakaran Gwajin Dafi Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina da 'ya 'yar shekara goma mai ciwon sikila. A asibitin da muke kai ta, likita ya ce ana wani bincike a kan magani, yana so a saka ta a ciki, za a riƙa ba ta maganin kyauta har da kuɗin mota. Sun ba ni takarda in sa hannu. Mahaifiyarta ta ƙi, ta ce ba za a mai da 'yarta zakaran gwajin dafi ba kamar yadda aka yi wa yaran Kano a shekarar sanƙarau. Ni kuma ina tsoron in na ƙi su daina kula da ita. Shin akwai ƙa'idar da take kare mu, ko sai abin da likita ya ga dama?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yarinya lafiya, ya sassauta mata, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Bari in fara cire maka tsoron da ka ambata a ƙarshe, domin shi ne ya fi hatsari. Ƙin shiga bincike ba ya rage wa 'yarka komai daga kulawar da take samu. Katinta na nan, ranar ganin likitanta na nan, magungunanta na nan. Wannan ba alfarma ba ce da likita zai yi maka, sharaɗi ne da aka gindaya masa kafin a ba shi izinin fara binciken, kuma in ka duba takardar da suka ba ka ya kamata ka ga an rubuta shi ƙarara. In babu shi a ciki, to takardar ce take da matsala, ba kai ba. Haka nan ko ka sa hannu yau, kana da ikon janye ta gobe ba tare da ka faɗi dalili ba.

Na yi shekaru ina zama a kwamitin da ke tantance binciken lafiya kafin a taɓa jikin kowa, kuma abin da na fi ganin yana rikita mutanenmu shi ne kalmar gwaji. In likita ya ce za a yi wa yarinya gwaji, uwa za ta ɗauka irin gwajin jini ne da aka saba, a gano abin da ke damunta a ba ta magani. Amma gwajin da ake nufi a bincike daban ne: maganin ne ake gwadawa, ana so a san ko yana aiki, ko yana cutarwa, ko ya fi na da. Likitan da ke duba 'yarka burinsa ɗaya ne, ta warke. Mai bincike yana da buri na biyu, ya samo amsar da za ta amfani waɗansu yaran da ba a ma haifa ba. Burin mai kyau ne, da shi aka samu kowane magani da ke cikin kemis a yau. Sai dai idan mutum ɗaya ya sa rigunan biyu, kuma haka abin yake a yawancin asibitocinmu, akwai ranar da burin biyu za su yi karo. Dukan ƙa'idojin da zan ambata an kafa su ne saboda wannan ranar, kuma hukuncinsu ɗaya ne: lafiya da mutuncin wanda ke kwance a gado suna gaba da duk wani ilimin da za a samu daga jikinsa.

Mahaifiyar yarinya ba ta yi laifi ba da ta tuno da Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A farkon 1996 sanƙarau ya ɓarke a arewacin Najeriya, ya kama mutum sama da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. A Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ba da maganin da aka sani kyauta. Ana cikin haka sai tawagar kamfanin Pfizer ta iso da sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba shi lasisi ba. Aka ɗauki yara 200. Kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su seftiriyazon, maganin da aka riga aka amince da shi, sai dai bayan allurar farko an riƙa ba su ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Waɗansu suka tashi da kurumta, ko shanyewar jiki, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta tafi.

Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kuma ba wanda ya gaya musu cewa a harabar asibitin nan akwai inda ake ba da maganin da aka tabbatar da shi. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun amince da baki, ya ce cutar ce ta kashe yaran ba maganin ba. Babu takardun amincewa da iyaye suka sa wa hannu. Da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen shekarar 2000, sai kuma aka gano cewa wasiƙar izini da aka nuna, mai ɗauke da sunan kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan watanta baya, kuma a lokacin gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, rahoton bai fito fili ba sai 2006, kuma ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan abin ya faru, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta.

Ga fahimtata a kan wannan lamari, kuma na daɗe ina juya shi a raina. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurmantarwa, don haka da wuya a nuna yaro ɗaya a rantse cewa Trovan ne ya kashe shi. Amma ko da babu yaron da ya mutu, ko da duka 200 sun tashi garau, laifin yana nan, domin an ɗauki 'ya'yan mutane cikin firgicin annoba an yi abin da iyayensu ba su fahimta ba. Wannan ne abin da wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tsaya a kai a 2009, da ta ce gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar da al'ummomin duniya suka haɗu a kanta. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a kan yaran 200 ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Ba a dawo da rigakafin ba sai tsakiyar 2004, cutar kuwa ta bazu ta tsallaka iyakoki ta shanye ƙafafun yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ƙa'idojin da kake tambaya a kansu duk daga irin wannan baƙin tarihi suka fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gurfanar da mutum 23 a birnin Nurembag na Jamus, yawancinsu likitoci, saboda gwaje-gwajen da suka yi a kan fursunoni: jefa su cikin ruwan ƙanƙara, sa musu zazzaɓin cizon sauro da gangan, da sauran abubuwan da ba su faɗuwa. Daga hukuncin 1947 aka fitar da ƙa'idoji goma, ta farkonsu ita ce yardar mutum da son ransa wajibi ce, babu makawa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda ake ta yi wa gyara, na baya-bayan nan a 2024. Da yawa sun ɗauka ai wannan ta'asar 'yan Nazi ce kawai, sai ga shi a 1972 asiri ya tonu a Amurka kanta. Tun 1932 hukumar lafiya ta gwamnati take bin baƙaƙen fata 600 a yankin Taskigi na jihar Alabama, 399 daga cikinsu suna da tunjere, ana gaya musu ana yi musu maganin mugun jini, ana ba su abinci da alkawarin kuɗin jana'iza. Fenisilin ya samu, ya zama maganin cutar, amma aka ƙyale su babu magani don a ga yadda cutar take cin jiki har ƙarshe. Shekara 40 ana haka. Wannan ne ya haifar da Rahoton Belmont na 1979, wanda ya dunƙule maganar a ginshiƙai uku: mutunta mutum, auna amfani da cutarwa, da adalci wajen zaɓen waɗanda za su ɗauki nauyin gwaji.

Mu da muka tashi da hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, muka san nauyin amana, ba mu da baƙo a cikin waɗannan ukun. Wahalar tana wajen aiki da su a gaban gadon mara lafiya.

Ɗauki yarda. Sa hannu ko dangwala yatsa ba shi ne yarda ba, shaida ce kawai cewa an yi wata magana kafin nan. Maganar ita ce yardar. Dole a gaya maka da harshen da kake ji cewa wannan bincike ne, me ake son ganowa, me za a yi wa yarinya, sau nawa za a ɗebi jininta kuma nawa, wace illa aka sani maganin yana yi, wane zaɓi kake da shi in ka ƙi, wa zai biya in ta samu matsala saboda binciken. Kundin ƙa'idojin binciken lafiya na Najeriya na 2007 ya ce a rubuta bayanin yadda wanda karatunsa bai wuce shekara tara a makaranta ba zai gane. In mutum ba ya karatu, a karanta masa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken. Na sha mayar da takardun amincewa ga masu su saboda Hausar da ke ciki ko ni sai na koma ga Turancin kafin in gane me ake nufi. Fassarar da ta ce a taimaka wa yaro da magani alhali ana nufin a gwada magani a jikinsa, yaudara ce, ko da mai fassarar bai nufi haka ba.

Sannan akwai kunya da kawaici, waɗanda takarda ba ta ganinsu. Mutumin ƙauye da ya yi sammako ya bi layi, likita ya kira shi ofis ya ba shi kujera, da wuya ya iya buɗe baki ya ce a'a. Zai ce to, ya dangwala, ya fita zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shi ya sa Sanarwar Helsinki ta ce idan mara lafiya yana ƙarƙashin kulawar mai binciken, wani ƙwararre daban ne ya kamata ya nemi yardarsa. Ka lura, kai ma tsoron ɓata wa likita rai ne ya sa ka rubuto. Kana da ikon cewa a ba ka wani ya yi maka bayani, ka tafi da takardar gida, ka kai wa wanda ka yarda da shi ya karanta, ka dawo bayan mako guda. Ciwon sikila ba annobar dare ɗaya ba ce, babu dalilin da zai sa a ce sai ka sa hannu a tsaye.

A ƙasarmu ba a shiga gari da bincike sai an gaida hakimi da mai unguwa da liman, kuma haka ya dace. Amma izininsu buɗe ƙofar gari ne kawai, ba ya maye gurbin yardar kowane mutum a kan jikinsa. Haka matar aure: tana da cikakken haƙƙin ta ce sai ta shawarci maigidanta, mai bincike kuma ya jira, sai dai yatsan miji ba ya zama yatsanta. A naku lamarin, shawarata kada ka sa hannu a bayan idon mahaifiyar yarinya. Ita ce za ta ba da maganin safe da yamma, ita ce za ta kwana a zaune in ciwon ya tashi. Ku je tare ta yi tambayoyinta da bakinta.

Batun kuɗin mota ba laifi ba ne. Wanda ya bar sana'arsa ya biya abin hawa saboda bincike, daidai ne a mayar masa. Inda kwamiti yake ɗaga gira shi ne in kuɗin ya yi yawan da zai rufe wa talaka ido ya daina ganin hatsari. Maganin kyauta ma yana iya zama irin wannan tarko ga wanda ba shi da halin saye, don haka ka tambayi kanka ko da za ka yarda in da kana iya sayen maganin.

Akwai abu biyu da nake so ka tambaya kai tsaye, domin masu bincike kan bi ta kansu da sauri. Na farko, shin ƙuri'a za a yi? A yawancin gwajin magani ana raba mutane gida biyu, kuma ba likita ne yake zaɓa wa kowa gidansa ba, kwamfuta ce take jefa ƙuri'a, wani lokaci likitan ma bai san wanda aka ba wane ba. Ana yin haka ne don kada son rai ya gurɓata sakamako, kuma halal ne a ƙa'ida muddin da gaske ba a san wanne ya fi ba. Na biyu, me ake ba ɗaya gidan? Wani lokaci ƙwaya ce holoƙo, kamanninta na magani amma babu komai a ciki. Ƙa'ida ita ce in akwai maganin da aka tabbatar yana aiki, da shi za a gwada sabon, ba da holoƙo ba, sai in akwai dalili mai ƙarfi na ilimi kuma ba za a jefa kowa cikin mummunar illa ba. An yi zazzafar muhawara a kan wannan a 1997, lokacin da aka gwada gajeren tsarin maganin AZT don hana uwa sa wa jariri ƙanjamau a wasu ƙasashen Afirka da Tailan, aka ba wasu matan holoƙo alhali tun 1994 an san tsarin da ke aiki a Amurka. Masu kare gwajin suka ce wancan tsarin ya fi ƙarfin aljihun ƙasashen. Masu suka suka ce talaucin mutum ba lasisi ba ne na yi masa abin da ba za a yi wa ɗan mai kuɗi ba. Ni ina tare da masu sukar a mafi yawan maganarsu, duk da na san amsar da aka samu ta ceci jarirai masu yawa. A wajen 'yarka, ka tabbatar ba za a dakatar da wani abin da take sha yanzu ba don a saka ta a binciken.

Adalci kuma ya wuce ranar sa hannu. In maganin ya yi aiki, bincike ya ƙare, Turawa ko 'yan Abuja sun rubuta rahotonsu, yarinyar da jikinta ya saba da shi fa? Dole a tsara wannan tun kafin a fara, kuma a gaya maka. Trovan bai taɓa zama maganin yaran Kano ba. An ba shi lasisi a Amurka don manya, a 1999 kuma aka taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta. Gwada wannan da allurar rigakafin MenAfriVac, wadda aka ƙirƙira musamman don yankinmu na sanƙarau, aka gwada ta a ƙasashe irin su Mali da Gambiya da izinin hukumomi da yardar iyaye, aka sa farashinta ƙasa da rabin dala. An fara ba da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso arewacin Najeriya a 2011, kuma nau'in sanƙarau da ya yi mana ɓarna a 1996 ya kusan ɓacewa. Iyaye ne irinku suka miƙa hannun 'ya'yansu kafin a kai ga haka. Shi ya sa ba zan ce maka ka guji duk wani bincike ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma in ba a yi bincike a kan yaranmu ba, za mu ci gaba da ba su magani da ma'aunin da aka auna a jikin wasu, a wani yanayi, da wani abinci, babu zazzaɓin cizon sauro a lissafin.

Abin da ya bambanta yau da 1996 shi ne akwai masu sa ido. Akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara wa ƙarfi, shi yake yi wa kwamitocin asibitoci rajista. Gwajin magani kuma sai da izinin NAFDAC. Izinin kwamiti ba na har abada ba ne, ana sabunta shi, kuma duk mummunar illar da ta samu wani dole a kawo rahotonta. A manyan gwaje-gwaje akwai wasu ƙwararru masu zaman kansu da ke leƙa sakamako lokaci-lokaci, suna da ikon ba da shawarar a tsayar da aikin in sun ga ɓangare ɗaya yana cutuwa. Ba zan ɓoye maka ba, kwamitocinmu suna fama da ƙarancin ma'aikata da kuɗi, mun fi ƙarfi wajen karanta takarda fiye da zuwa ɗakin da ake aikin mu gani da ido. Saboda haka idonka yana da muhimmanci. Ka nemi a nuna maka lambar izinin kwamiti da ranar da zai ƙare. A jikin takardar ya kamata ka ga lambar wayar kwamitin, ba ta mai binciken kaɗai ba, ka kira ka tabbatar sun san da aikin. Ka tambayi wanda ya ba da kuɗin binciken. Ka tambayi inda za a ajiye jinin yarinya, ko za a fitar da shi waje, ko za a yi wani aikin da shi nan gaba, domin wannan ma yana buƙatar yardarka daban. Ka tambayi wa zai ga sunanta, don ka san yadda maganar sikila take bin gida har ranar da za a zo neman auren 'yan'uwanta. Kuma ka karɓi kwafin takardar ka ajiye.

Saura mutum ɗaya da ba ka ambaci ra'ayinta ba, ita yarinyar. A doka ku ne masu sa hannu, amma 'yar shekara goma da ta girma tana shan allura ta san abin da ake nufi da ɗibar jini fiye da ni da kai. Ƙa'ida ta ce a yi mata bayani daidai hankalinta, a nemi amincewarta, in kuma ta ƙi a girmama ƙin nata. Ranar da za ku koma, ku ce wa likitan ya zauna da ita ya gaya mata sau nawa za ta riƙa zuwa, allura nawa ce, ko za ta rasa makaranta. Sai ku bar ta ta yi magana ba tare da kun amsa mata ba.